Sani da ƙauyukan da suka ɓace daga lis

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Sani. Mun yi aiki a biro guda, wato ofis, a Tasawa, a wata shekara ta fari, lokacin da sojoji ke riƙe da mulki. Ni nake buga sunayen ƙauyukan da za a kai wa hatsin taimako, shi kuma ke kula da ordinata, na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Sani ba ya son aikin hannu in na'ura za ta iya. Sai ya rubuta wani purogaram mai jera umarni bi da bi, kowane yana miƙa wa na gaba abin da ya gama: na farko ya tattaro sunaye, na biyu ya ware na Mayahi da na Tasawa, na uku ya jera su, na ƙarshe ya fitar da lis ɗin da direbobin kamyo, manyan motocin hatsin, za su bi. Aikin da ke cin mana kwana uku ya koma na ɗan lokacin shan shayi. Kowa ya yaba, har shi ma ya fara taƙama kaɗan.

Wata Laraba wani dattijo, Malam Idi, ya iso daga wajen Issawane, ƙafafunsa duk sun kumbura. Ya ce kamyo ya wuce su sau biyu, mata sun fara dafa tafasa ba gari. Muka duba lis, babu ƙauyensu. Na rantse na buga shi.

Sani ya bi umarnin nan ɗaya bayan ɗaya har ya gano. Sunan ƙauyen da 'Yan ya fara, kuma ɗan wakafin nan na sama ne ya rikita umarni na biyu, ya zubar da sunan bai ce uffan ba, sauran suka ci gaba da aiki. Ƙauyuka uku suka salwanta haka.

Na ce masa, "Gyara kawai, mu ce na'ura ce. Zamanin nan ba a ɗaukar laifi a ka."

Ya ce, "Na'ura ba ta rubuta kanta ba, Yakubu."

Ya gyara, ya sa kowane umarni ya tsayar da aikin in ya yi tuntuɓe. Ya shiga wurin shugabanmu ya faɗi gaskiya, ya sha faɗa har muna ji daga waje. Washegari ya hau kamyon da kansa, ya tsaya gaban mutanen ƙauyukan ya nemi gafara. A ƙauyen Malam Idi wata tsohuwa ta juya masa baya. Jikanta na kwance saboda yunwa. Wannan bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Yau kowa da waya a hannu, har an ce na'ura na rubuta irin purogaram ɗinsa cikin ƙiftawar ido. Na san da zai yi murna, don shi mai son sabon abu ne. Amma da zai tambaya wa ke dubawa, tunda sauri ya kan haifi nawa.

Ciwon hanta ya ɗauke shi shekara huɗu bayan wannan farin. Ordinatar ta mutu tuntuni, purogaram ɗin ba wanda ya adana. Ranar sadakar uku dai na ga Malam Idi ya sauko daga motar kasuwa da damin gero. Ya ajiye gaban matar Sani, ya ce, "Tsohuwar nan ce ta aiko. Ta ce jikan ya tashi, kuma ta yafe."

Allah ya jiƙan Sani, ya sa can ta fi nan.