Falalu, Direban Da Ya Raɗa Wa Ramuka Suna

Kafin rana ta ɗago za ka iske Malam Falalu a tashar Talata Mafara, ya kanga kunne a jikin motarsa yana sauraron inji kamar mai jin gulma. Sai ya gamsu yake karya kumallo. Haka yake tun yana saurayi, ga shi bana zai ajiye tuƙi saboda ido ya fara gardama.

Yaran yanzu da jigilar 'yan kasuwa kawai suka san shi. Ku tambayi iyayenku! Zamanin da direbobin Mafara da Bakura da Maradun ke tseren mota bayan Sallah, Falalu ne zakara, sai dai a yi rigimar na biyu. Wasu suka ce laya ce. Ina laya! Da ƙafa yake bin hanya, kowane rami ya raɗa masa suna: ga Haɗiye-Taya, ga Suruka wadda ake ratse wa. Hanyoyin ƙauyukanmu ma haka ya haddace su.

A al'adar tseren, wanda aka kayar sai ya ce "na sallama". Kowa ya faɗa ban da Rilwanu na Bakura, wanda kullum taya yake ɗora wa laifi.

Wata damina Rilwanu ya kai matarsa Hindatu ganin gida Janbako, kububuwa ta sare ta a bakin gona, jini har ta dasashi. Ya sa ta a mota, amma ruɗewa ta hana shi tuƙi. Falalu kuwa na kasuwar garin yana sauke buhuna. Masu rumfa sun shaida Rilwanu ya zo da gudu ya miƙa masa makulli ya ce:

"Amshi, Falalu. Kai ka hi ni. Na sallama."

Ruwa ya shafe hanya, ba a ganin rami ko ɗaya. Taiba ƙanwar Hindatu, da ke tallafe da ita a baya, ta ce tana ji yana kiran ramukan da sunansu yana kaucewa, mota na tsaga ruwa a guje har asibitin Mafara. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai haƙuri.

Kai ne, Falalu, gwanin da ya ci tseren da babu kyauta a cikinsa. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Matasa masu taka mota, ku san hanya kafin ku nemi gudu. Ranar Juma'a za a yi masa walima a tasha, kowa ya zo. Hindatu ta rantse babu mai tuƙa tuwon sai ita.