Rijiyar da Na Rufe a Wudil

Jama'a, abin nan da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina aikin duba-gari a Wudil, zamanin En'e, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ina sabon magidanci, daga ni sai matata Rabi sai 'yarmu mai shekara uku, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, shi ya sa muke ce mata Uwani.

A inda aka koya mana aiki an nuna mana yadda ake mai da shara taki: a haƙa rami, a zuba shara da kashin shanu da toka, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har ta ruɓe. To ni da na ga tulin bolar da ake bari duk Juma'a in kasuwa ta watse, ga kashin shanu jibge a kara inda ake sayar da dabbobi, ga manoman Utai da Achika suna yawo da jakuna suna neman abin zubawa a gona, sai na ce ai ga inda zan yi suna. Na nemi izini aka ba ni leburori, na zaɓi wani fili a bayan unguwarmu, sama kaɗan da rijiyar da muke sha.

Ranar da muka fara haƙa sai ga Iya Dije, wata tsohuwa mai dafa sabulun salo, wadda ke bi gida-gida tana kwasar toka. Muka gaisa, ta tambayi iyali da gajiya, sannan ta ce in yi wa Allah in matsar da ramukan can gabas, wai ƙarƙashin filin nan rairayi ne, kuma tun tana yarinya duk ruwan da ya sauka a wurin rijiya yake nufa. Na ce mata na auna, tazarar ta kai yadda littafi ya ce. Sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, shi littafin naka ya taɓa yin damina a Wudil?" Leburori suka fashe da dariya, ni kuma na ji an muzanta ni a gabansu, na ce a ci gaba da haƙa. Sau biyu ta sake dawowa, na ƙarshen ma ko tsayawa ban yi ba. Kaico.

Da rani komai ya tafi daidai, taki ya yi baƙi wuluk, manoma suna cika mangala suna sa mini albarka, ina ta hura hanci. Da damina ta kankama ramukan suka cika da wani baƙin ruwa mai wari. Rabi ta ce mini ruwan rijiya ya canja ɗanɗano, na ce sabon ruwa ne, zai kwanta. Ba a yi mako biyu ba amai da gudawa suka shiga unguwa, gida bayan gida, kuma Iya Dije na cikin na farkon da muka kai makwanci. Daga nan sai Uwani.

Ku yi haƙuri, nan ne wurin da har yau nake kasa faɗa. A lokacin mutane sun ɗauka in aka ba mai zawo ruwa ƙaruwa yake yi, ni kuma da na riga na san daga ruwa ciwon ya fito, sai na tsorata na hana a ba ta, sai dai a shafa mata a leɓe. Kwana biyu yarinyar nan tana cewa, "Baba, ruwa," har muryar ta ɗauke. Da hantsin rana ta uku ta cika a cinyar uwarta.

Ni da hannuna na rufe rijiyar. Muka jera azara a bakinta, muka yaɓe da ƙasa, muka shiga cike ramukan ɗaya bayan ɗaya. Wata rana bayan an yi sadakar arba'in ɗin Uwani, da azahar, leburori sun tafi salla, rana ta ƙwalle ƙasa ta bushe ƙayau, ina tsaye ni kaɗai da shebur, sai na ji ƙarar guga, irin in an jawo ta tana zubar da ruwa. Na waiga. Wallahi tallahi Iya Dije ce zaune a kan rufaffiyar rijiyar nan, da baƙin zanenta da na sani, ga yarinya a cinyarta ta ba ni baya, ta kafa kai cikin ƙwarya tana sha. Kitson kanta na gane, Rabi ce ta yi mata shi ana gobe za ta kwanta ciwo.

Tsohuwar ta ɗago, ba fushi a fuskarta ba murmushi, ta ce, "Malam, ta sha. Ta ƙoshi."

Na yar da shebur na nufe su, ƙafata ta harɗe na faɗi, kafin in ɗago babu kowa. Amma yaɓen da ke bakin rijiyar jiƙe yake sharkaf, a tsakar ranar nan, har ruwa na gangarowa. Na sa hannu na taɓa, sanyi ƙalau kamar na randa. A nan leburori suka dawo suka same ni zaune ina kuka. Su ma sun ga jiƙon, babbansu ya yi ta innalillahi, kuma babu wanda ya yarda ya ƙara aiki a wurin ran nan.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljanu ne, wani ya ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, amma ba wanda ya gaya mini daga ina ruwan ya fito. Rabi kuwa har ta koma ga Allah ban iya ba ta labarin nan ba.

Don Allah, duk wanda zai haƙa masai ko ramin shara, ya tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke bi kafin ya sa diga. Wanda kuma yaronsa ya kwanta da zawo, ya dafa ruwa ya yi ta ba shi, kada ya hana. Ni dai ga shi na tsufa, kuma har yau ban sani ba, albishir tsohuwar nan ta zo yi mini, ko nuna mini laifina ta zo yi.