Mace Mai Gashin Macizai

Jama'a, yau saura ƙiris in ga abin da na hana idona gani shekara arba'in!

A kasuwar Bangi na haɗu da Illa, abokina tun muna lakwal, makarantar boko. Ko gaisawa ba mu gama ba, ya fiddo portabul ɗinsa, wayar hannu.

"Ka tuna siliman Girkawa da anka kawo muna Madawa muna samari? Na samo shi!"

Allah sarki! A lokacin, malaminmu Mushe Abdu ke fassara muna Faransancin. Da anka zo wurin mace mai gashin macizai, ya ce duk wanda ya haɗa ido da ita dutse zai koma. Duk munka duƙe, har shi! Ƙara kawai munka ji.

Munka zauna rumfar mai albasa muna kallo. Dokin nan mai fukafukai na nan da kyansa, wallahi har na yi ƙwalla. Amma dodon tekun? Kamar mutum-mutumin laka, yana tafiya yana maƙalewa!

Illa ya tuntsure da dariya. "Wanga ne ya firgita mu?"

Sai ga matar. Ta fara juyo da fuska.

Kwaf! Illa ya kife portabul.

"Haba Illa!"

"A'a malam, ina da iyali!"