Ramar Ɗakin Hashimu

Duk wanda ya zauna a unguwar Nakkasa ta Makka kafin a fara rusa ta ya san Hashimu mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. A nan kan dutsen aka haife shi, a nan aka binne cibiyarsa, amma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ce shi ɗan Najeriya ne, ƙasar da bai taɓa gani ba sai a bakin alhazai. Hausarsa rabi Larabci ce. Mutum ne mai hannu, ga tausayi, sai dai Allah ya hore masa gardama. In ya karanta abu a waya da safe, kafin azahar ya zama malami a kansa.

Shi kaɗai ne ya rage wa mahaifiyarsa, Inna Baraka, wadda aka shigo da ita Makka tana goye ta hanyar Sudan. Burinta ɗaya ne, kuma kullum sai ta maimaita masa shi.

"Ya waladi, ban roƙe ka gida ko mota ba. Ranar da na cika, kai za ka sa kafaɗa ka kai ni Harami a sallace ni. Halas."

"Inna, ki daina wannan maganar," in ji shi. Amma ya riƙe ta.

Ciwon gaɓoɓi ne ya kwantar da ita. Ƙwayoyin asibiti suka ci mata ciki har ta koma ko shayi ba ya zama. Hashimu ya ga tsohuwar da ke ɗawafi da ƙafarta tana kuka in za a juya ta, sai hankalinsa ya tashi. A 2014 ya karanta cewa a wasu ƙasashe likita ne da kansa ke rubuta wa masu irin wannan ciwo wiwi. Ya samo iri a hannun wani direba a unguwar Kudai, ya share ɗakin da yake tara tsofaffin injuna, ya jera 'yan gwangwanaye, ya sa kwaɗo. Da abin ya yi ganye ya fara haɗa mata, da ta tambaya ya ce wata rama ce ta Masar. Ganyen kuwa kamar an tsaga kara da rama, ba ta da dalilin musu.

Ko maganin ne, ko ikon Allah ne ya zo daidai, Inna ta fara barci. Wannan ya ƙara wa Hashimu baki. A majalisarsu ta titin Mansur, wajen mai shayi, ya riƙa cewa ya kamata doka ta bambance mai neman maye da mai neman lafiya. Bai taɓa cewa yana da ita a ɗaki ba, amma amininsa Uzairu, ɗalibin ilmi daga Sakkwato, ya san shi ciki da bai. Ya ja shi gefe.

"Malam Hashimu, ko da maganarka tana da fuska a fiƙihu, ka duba inda kake tsaye. Kai baƙo ne a takarda. Baki shi ke yanka wuya."

"Ya shehu, in kowa ya yi shiru, wa zai gyara? Ni ba na sha, ba na sayarwa."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa kai ta bakinsa ba. Ya yi lissafin askarawa, ya yi na wari, ya toshe taga. Abin da bai lissafa ba shi ne uwarsa Bahaushiya ce, kuma a wurinta wanda ya sami magani ya ɓoye wa maƙwabci ya yi abin kunya.

Mata suna zuwa dubiya suna mamakin yadda ta miƙe. Cikinsu har da Goggo Maryama mai sayar da tuwo a Mansur, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda gwiwa ta hana ta sujada. Wata rana Hashimu ya fita aiki ya manta makulli a aljihun rigar da ya cire. Inna ta dafa bango ta buɗe ɗakin, ta zaɓi gwangwanin da ya fi kyau ta miƙa wa ƙawarta.

"Ungo, ki je ki raina. Wannan yaro ya kulle ta a ɗaki kamar amarya. Rama ai rana take so."

Goggo Maryama ta kai ta bakin rumfarta, ta ajiye kusa da tukunyar miya, tana ba ta ruwan wankin shinkafa. Ta yi kwanaki tana shan iska a gaban jama'a kafin motar sintiri ta tsaya. Wani askari ya sauko, ya dubi ganyen, ya dubi tsohuwar, aka tafi da su duka biyu.

Uzairu ne ya kawo labarin. Goggo ta ƙi faɗar inda ta samu, tana rantsuwa rama ce, wai a kawo gyaɗa ta kwaɗa musu su gani. Hashimu yana da sararin da zai kwashe gwangwanayen ya zubar a bayan dutse, ba mai sani. Ya zauna a gaban uwarsa, tana tambayarsa me rama ta yi wa hukuma, ya kasa haɗa ido da ita. Daga baya ya yi alwala, ya sumbaci goshinta, ya ce zai je ya dawo da Goggo. Ya je ya amsa cewa shukar tasa ce. Ita kam ta dawo.

Shekarun da ya yi a gidan yari ba ya son maganarsu. Da ya gama aka ɗauki zanen yatsunsa, aka yi masa tarhil, wato kora daga ƙasar, ba shi ba sake shigowa. Jirgi ya sauke shi a Kano da jallabiya ɗaya. Ya kama 'yar rumfa a Fagge yana gyaran firji, mutane suna ce masa Balarabe saboda harshensa, shi da a Makka ake ce wa Takari. Goggo Maryama ta koma ɗakin Inna tana jinyarta da gwiwar nan tata. Inna ba ta taɓa yi masa faɗa a waya ba, kanta take zargi, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Wata safiya a 2019 Uzairu ya kira. Inna ta cika, za a sallace ta bayan azahar a Harami. Azahar ɗin Makka hantsi ce a Kano. Hashimu ya shiga shagon maƙwabcinsa Wada mai sayar da talabijin, ya roƙe shi ya kamo tashar Harami. Ya ga an idar da salla, ya ji ladani ya yi shelar sallar gawa. Kyamara ba ta nuna makara, sahu kawai take nunawa. Ya cire takalmi ya tsaya a tsakiyar shagon ya bi liman kabbara huɗu, masu ciniki suna kallonsa suna tambayar juna wace salla ce wannan da hantsi.

Har yau in aka taso da zancen a rumfarsa, yakan ce dokar tana bukatar gyara, bai janye ba. Sai dai ba ya ɗaga murya kamar da. Wada ya taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ajiye aikin da ke hannunsa ya amsa.

"Na saya mata barcin shekara guda. Abu ɗaya ta roƙe ni, kuma Uzairu ne ya ɗauke ta."