Saiwar Ɗorawar da Baffa Ya Kira Gunki

Ƙanwata sassaƙa ta karanta a Zariya. A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya kawo aikin hannunsa, da shi za a ba da sakamako. Ta dawo Likoro ta zaɓi kututturen ɗorawar gonarmu, wadda Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya sayar wa masu gawayi bayan rasuwar Baba. Ɗorawar da Inna ta yi shekara da shekaru tana daddawa da kalwarta! Da amalanken shanu aka jawo saiwar gida.

Duk damina tana kanta a bayan rumbu. Ta kankare saiwoyin, ta bi unguwa tana roƙon tsofaffin fartanyu, ta kafa su a jikin itacen, wasu har sun nutse. Ni da ban san kan harkar ba na tsaya a gabansa na rasa ganewa, ƙarfen ne ke cin itacen ko itacen ne ya riƙe ƙarfen. Gonarmu na gani a wurin, har na yi ƙwalla.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta tarar ƙanwata tana shafa wa itacen mai saboda gara. Kafin la'asar labari ya cika gari, wai ana yi wa gunki hidima a gidanmu.

Baffa ya zo yana huci. Muka durƙusa muka gaishe shi.

Na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, ina idonsa? Ina bakinsa? Ai a gonarka akwai mutum-mutumi sanye da tsohuwar rigarka, har da hula."

Ya ce, "Wancan tsuntsaye yake kora. Wannan me yake kora? Abin da ba a ci, ba a zama a kansa, kuma ana shafa masa mai, ke faɗa min sunansa."

Na ce aikin makaranta ne. Ya yi tsaki ya fita.

Ranar kasuwar Makarfi muka tafi neman motar da za ta kai aikin Zariya. Muka dawo muka tarar da ɓaraguzai. Baffa ya sa an faskara shi, an raba wa maƙwabta su yi girki, fartanyun an kai wa maƙeri. Mutumin da ya sa aka sare bishiyar tana da rai bai ga laifi ba, sai a gawarta ya gano haramun! Na yi ta masifa har muryata ta dushe. Ƙanwata kuwa ta kalli wurin, ta ce, "Yaya, kira direban ki ce ya bari."

Ta maimaita shekara da wani aikin da ba ta so. Yanzu allunan shaguna take rubutawa a Kudan, ba ta sake riƙe gizago ba. Baffa har gobe yana ba da labari a majalisa cewa shi ya tsarkake gidan wansa. Ina durƙusawa in gaishe shi, amma wallahi ban yafe ba.