Ranar da Muka Kai Almakashi Majalisa

Shekarar da aka so cire cibiyarmu ta koyon ɗinki daga kasafin kuɗi, ni ce malamar ajin safe a Mayo Gwoi. Wani ɗan majalisa ne ya ce wai wurin kango ne, kekuna sun yi tsatsa, babu mai zuwa sai ƙadangaru. Ƙadangaru fa! Ni da nake haɗa mata uku a keke ɗaya? Ranar ko tuwo bai wuce mini ba don haushi, domin in aka cire mu, rufewa ce kawai.

Da muka ji kwamiti zai saurari jama'a, muka ce anko za mu yi. Muka kwasa sai Kasuwar Jalingo, muka zaɓo atamfa ruwan ɗorawa mai kashe ido, kowa ta ɗinka nata da hannunta. Ranar zaman muka cika Keke Napep shida, ana shewa kamar masu kai amarya.

Abin da babu wadda ta tuna shi ne, tela ba ta fita babu almakashi. A bakin ƙofa ɗan sanda ya buɗe jakata, ya zaro ɗaya. Ya buɗe ta gaba, ga wani. Kafin ya kai ta goma ya riƙe ƙugu ya ce, "Hajiya, yaƙi kuka zo?" Dariya har da masu durƙusawa. Aka tara su tuli a tebur, muka shige.

A ciki ana ta jero lissafi da Turanci, mu kuma muna duba ɗinkin manya. Ta kusa da ni ta raɗa mini, "Malama, dubi wuyan rigar wancan, ya karkace." Na toshe baki da gyale, hawaye na zuba. Sai ga mutumin namu ya miƙe, ya maimaita zancen kango.

Shugaban kwamiti ya tambaya wa zai yi magana. Jawabi shafi biyu na rubuto, amma kafin in warware takardar, dattijuwar ajinmu da muke kira Dada ta riga ni tashi. Bayan rasuwar mijinta ta fara koyo, Hausarta ma ba ta gama nuna ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙadangarun ne muka zo."

Zauren ya kece da dariya, har shi mai maganar kangon. Shugaba ya ce ya ji an kama makamai a ƙofa, a kawo ya gani. Aka zube su gabansa. Ya ɗaga ɗaya, ya tambayi ƙyallen da ke ɗaure a mariƙinsa. Na ce al'adarmu ce, kowa takan ɗaura guntun rigar farko da ta gama, don kada nata ya ɓata.

Dada ta laluba ta ciro nata, mai shuɗin ƙyalle. Ta ce, "Wannan rigar makarantar jikana ne. Ni na ɗinka. Da a gida yake zaune."

Babu wanda ya sake dariya. Ni da na zo da baki, kuka ne ya kama ni.

Ba a cire mu ba. A hanyar komawa guɗa muke yi har masu shago na leƙowa. Dada kuwa tana rungume da almakashinta a ƙirji. Sai da muka sauka ta ja ni gefe ta ce, "Malama, gobe ki koya mini aljihu. Yaron ya ce wandonsa ba shi da wurin sa biro."