Tsohuwa Mai Tiyo a Baki

A bayan kasuwar garin Andong akwai wata tsohuwa, tsawonta bai kai na randar gabanta ba, amma wallahi kumatunta sa iya zuƙe kogi. Tiyo ne a bakinta, tana janyo tsimin shinkafa zuwa tukunyar dafa barasa, a hankali kada gwiɓa ta taso. Ina jin ta girmi kasuwar.

Ɗanta Doksu na tsaye da sabon famfon janyo tsimi a hannu, don ta daina zuƙa da baki.

"Umma, likita ya hana ki giya! Tofar da na bakinki, ko in fasa randar nan."

Ta zuba masa ido, ta haɗiye, ƙwat.

"Doksu, ni na shuka shinkafar. Fasa in ka isa."

Ya ajiye famfon, ya riƙe mata tiyo.